Daga Farantin Talla Zuwa Ambulan: Tarihin Neman Na Kai Na Matanmu a Agege da Ogba



Kwanakin baya, bayan mun sallame sallar la'asar a ɗan masallacin da muke riƙe wa liman idan ya yi tafiya, sai wani yaro ya miƙo mana ambulan mai ruwan ƙasa, ya ce in ji mamarsa. Mun san gidan. Maigidan ya rasu shekaru uku da suka wuce, Allah ya jiƙansa, ya bar mata da yara biyar. Da muka buɗe sai ga takardun babbar 'yarsu: sakamakon WAEC, da shaidar difloma a fannin lissafin kuɗi, da hoto ɗan ƙarami an maƙala da fin. Saƙon uwar gajere ne, wai a taimaka a nema wa yarinya aiki, tunda Malam ya san mutane.

To, gaskiya ne mun san mutane. Da huhun goro ake nema, ko motar da za ta ɗauki kaya zuwa Kano, ko wanda zai ba da bashin sa a mayankar Oko-Oba, kafin magariba an gama magana. Amma da muka zauna da ambulan ɗin a hannu muna lissafin wanda za mu kira, wallahi ko mutum ɗaya bai faɗo mana ba. Shekara sama da ɗari Hausawa suna Agege, duk hanyoyin da iyayenmu suka shimfiɗa na neman abinci suna nan, amma babu wadda ta bi ta ƙofar ofis, balle a ce ta 'ya mace. Abin da ya sa muka ga ya dace mu waiwaya ke nan, mu ga yadda matan wannan unguwa suke samun abin yi tun farko, da inda igiyar ta tsinke.

Goro ne ya kawo mu. Kafin jirgin ƙasa, fatake ne ke tafiya Gwanja da jakuna, su yi watanni a hanya kafin su dawo Kano ko Sakkwato da kaya. Bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi da yaƙi a 1874, kasuwar Salaga ta soma ja da baya, sai 'yan kasuwa suka koma ɗora goro a jirgin ruwa daga bakin tekun Gana zuwa Ikko. Layin dogo ya tashi daga Ikko ya kai Badun a 1901, ya ratsa ta Agege, kuma a 1912 aka haɗe shi har Kano. A wannan tsakani manoman nan yankin, irin su J.K. Coker da ke da gona a Ifako, suka duƙufa shukar koko da goro. Har gobe Yarbawa suna kiran goron da muke ci obi gbanja, wato goron Gwanja, sunan bai ɓace ba. Ga gonaki, ga tasha a bakin ƙofa, sai Bahaushe ya ce me zai kai shi nesa? Ya sauke kayansa a nan, aka yi Zango.

A cikin wannan labari da muka saba ji a majalisa, sunayen maza kawai ake kira. Amma ku dubi Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya rasu a 1955, wanda yana cikin waɗanda suka fara kawo goro ta ruwa zuwa Ikko. Mahaifiyarsa, wadda ake kira Amarya, 'yar kasuwa ce mai dukiyar kanta. Da mijinta ya rasu ta tashi ta koma Ankara ta Gana ta ci gaba da harkarta, ta bar yaran a hannun wata tsohuwa mai suna Tata, kuma daga sunan tsohuwar nan ne aka samo Ɗantata. Kun ga ke nan, gidan da ya fi kowane gida suna a kasuwancin ƙasar Hausa, mata biyu ne a gindinsa, ɗaya ta yi fatauci, ɗaya ta yi raino.

A Zango kuwa, tsarin da aka kafa shi ne na maigida da baƙinsa. Ɗan kasuwa zai sauko daga Arewa ya sauka gidan maigida, a ba shi ɗaki, a ajiye masa kuɗinsa, a haɗa shi da masu goro, a ɗaure masa kaya. Matan Yarbawa su ne ke sayo goro daga ƙauyuka, su ɓare, su wanke, su kawo. Mazanmu su tsince, su jera a ganye, su ɗaure huhu. To wa ke ciyar da wannan taron duka, baƙi da 'yan dako da 'yan kamasho da almajirai, waɗanda yawancinsu ba su zo da iyali ba, kuma cikinsu bai saba da amala da ewedu ba? Matan cikin gida ne. Tun kafin kiran assalatu an hura wuta: koko da ƙosai da safe, waina da miyar taushe, da rana fura da dambu da shinkafa da wake, da dare tuwo. Abincin baƙin maigida daban, na sayarwa daban, kuma na sayarwar nan kuɗin matar ne, miji ba ya taɓawa. Da yawa ma shi kansa maigida idan yana son farantin waina daga tukunyar sayarwa, sai ya biya.

Wani mai bincike daga Ingila, Abner Cohen, ya zauna a Sabon Badun a 1962 zuwa 1963, ya fitar da littafi a 1969 kan Hausawan can. Abin da ya gani shi ne abin da muka tashi muka tarar a nan: matan aure suna kulle, ba sa leƙa ko zaure, amma cinikin abinci na unguwa yana hannunsu, yara ne ke kai da kawowa, ribar kuma ana zuba ta a kwanonin sanga masu zane da ake kawowa daga Cekoslobakiya. Duk wanda ya kai shekarunmu ya san wannan bankin. Mahaifiyarmu, Allah ya gafarta mata, tana da kwalla da samira da langa jere har kusa da rufi. Mu yara muna ɗauka ado ne. Ashe idan ciwo ya zo, ko kasuwar goro ta faɗi, ko auren 'ya ya taso, sai a kira dillaliya da dare ta ɗauki saiti ɗaya a lulluɓe. Akwai shekarar da kayan mahaifinmu suka ruɓe a hanya, motar ta kwana huɗu a lalace, kuma sai da muka girma muka gane cewa jeren kwallar da ya ragu a ɗakin Inna shi ne ya mayar da shi kasuwa. Bai taɓa faɗa a majalisa ba, ita ma ba ta taɓa gori ba.

A wancan zamani mace ba ta neman aiki, aiki ne ke tarar da ita. Yarinya tana tashi ta ga abin da uwarta ko uwar riƙonta ke yi, ta koya. Idan an kawo amarya daga Arewa, uwargida ko wata dattijuwar maƙwabciya za ta dube ta ta ce, wannan layin babu mai ƙuli-ƙuli, ki kama. Jarin farko daga kuɗin sayen baki ne ko gudummawar biki, daga nan sai adashi. Mai hannu ta yi kitso da lalle, mai haƙuri ta yi ɗinkin hula, wadda ta manyanta ta zama dillaliya ko ungozoma ko mai wankan jego. Zawarawa da tsofaffi ne kaɗai ke zama a waje da tukunya.

Sai dai fa kada daɗin tuna baya ya sa mu rufe ido. Duk wannan gini a kan abu ɗaya yake tsaye, kan yarinya 'yar shekara bakwai zuwa sha uku, da farantin talla a kai. Ita ce ƙafar uwarta, ita ce bakinta, ita ce mai karɓo bashi. Yayyenmu mata biyu sun yi tallar nan a tasha da gareji da bakin dogo, mu kuwa aka tura mu allo da Islamiyya. Babbar har ta koma ga Allah ba ta iya karanta lambar waya ba, alhali idan lissafin ciniki ne da ka, ta fi mu nesa ba kusa ba. Abin da yaran talla suka gamu da shi a lungunan gareji kuwa, kowa ya sani, ba sai an rubuta a mujallar da yara ke karantawa ba.

Ana cikin haka duniya ta canza a gefenmu. Gwamnatin Jihar Yamma ta su Awolowo ta buɗe filin masana'antu a Ikeja, kamfanin saƙa da na Guinness suka fara aiki a farkon shekarun 1960, aka ƙirƙiro Jihar Legas a 1967, Ikeja ta zama hedikwata a 1976. Gonakin goro da koko suka zama gidaje da kamfanoni, Ogba da Ikeja suka cika da masana'antu, titin Acme da na Wempco da Oba Akran. Muna yara muna ganin ayarin mata da sassafe, Yarbawa da Ibo da mutanen Bendel, suna sauka daga molue suna shiga ƙofofin kamfani, wasu a ɓangaren shirya kaya, wasu akawu, wasu masu buga tafireta. Namu ba su shiga ba. Mazanmu sun tsaya a bakin ƙofa, gadi da shayi da tsire da canji, matanmu kuma suka aiko da abincin da mazan ke ci. Ba za mu ce iyayenmu sun yi wauta ba. Suna tsoron abin da suke gani a titi, kuma kasuwa tana biya a lokacin, ɗan goro ya fi ma'aikacin kamfani samu. Amma sakamakon shi ne, waɗancan matan sun haifi 'ya'yan da suka tashi sun san yadda ake rubuta takardar neman aiki, sun san wata anti a wancan ofis, wani kawu a wannan ma'aikata. Mu kuwa ko ɗaya.

Makaranta ta zo mana har gida sau biyu. A 1976 gwamnatin Obasanjo ta kawo UPE, firamare kyauta ga kowa. Daga 1979 zuwa 1983 Alhaji Lateef Jakande ya cika Legas da azuzuwa, ya soke karatun safe da na rana da ake yi saboda ƙarancin wuri, ya ce kowane yaro ya zo, ba a tambayar garin ubansa. Gidaje da dama sun tura maza. Mata kuwa, wadda ta yi sa'a ta gama aji shida, sai aure. Dalilin ba boyayye ba ne: idan yarinya ta tafi makaranta, wa zai ɗauki farantin? Uwa ce da kanta take ƙin sakin 'yar, ba don ƙiyayya ba, don kayan ɗakin yarinyar daga wannan farantin za su fito.

Abin da wa'azi bai yi ba, matsi ya yi. Daga 1986, da gwamnatin Babangida ta kawo SAP, naira ta karye, albashi da riba suka daina riƙe gida. Kamfanonin saƙa suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, wasu manyan ɗakunan ajiyar kaya na Ogba da Ikeja suka koma majami'u da wuraren biki. Kasuwar goro kuma ta riga ta matsa gaba zuwa Shagamu da ƙasar Ondo. A daidai lokacin ne ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN, wadda aka kafa a Minna a 1985 da Hajiya Aisha Lemu a matsayin shugabar farko, da makarantun Islamiyya na matan aure suka soma yaɗuwa. Matan da ba su taɓa fita ba suka fara fita da hijabi da jaka, daga karatun Ƙur'ani aka shiga yaƙi da jahilci, daga nan aka shiga koyon ɗinki da haɗa sabulu da man shafawa. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta riga ta tura jajis ɗinta ƙauyuka suna karantar da mata, suna tafiya da malfa a ka, kuma ba wanda ya fi Shehu da Bello kishin addini da ya hana.

Sannan hukuma ta shigo. Legas ta yi dokar hana talla a titi a 2003, ta yi dokar kare haƙƙin yara a 2007, aka tsananta kame a 2016. Uwar da aka taɓa kama mata yarinya da faranti, aka yi ta zirga-zirgar belinta, ba ta sake turawa. Farantin dai bai mutu gaba ɗaya ba, har yanzu muna ganinsa da yamma a cikin lungu, amma ya daina zama ginshiƙi. Wayar hannu ce ta gaje shi. Yau mace tana ɗakinta ta ɗora hoton atamfa da turaren wuta da humra da kayan miya a WhatsApp, a turo kuɗi ta asusu, ɗan aike ya kai a babur ko keke. Lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, matan da suka riga suka buɗe asusu su ne suka ci kasuwa, wasu 'yan matan kuma suka kafa laima da na'urar POS. Wannan tsohuwar sana'ar Inna ce da sabuwar riga, kuma mun yi murna da ita.

Matsalar tana ga ɗaya rukunin, irin mai ambulan. Waɗannan su ne yaran da muka sauke wa faranti, muka biya musu WAEC da JAMB da gumin goshi, suka yi difloma ko NCE ko digiri, suka ƙoshi da Turanci da Yarbanci fiye da mu, sannan suka dawo gida suka zauna. Ba sa son soya awara, kuma ba girman kai ba ne, sun karanci wani abu suna son su yi shi. Abubuwan da ke tare musu hanya mun gan su da idonmu.

Akwai maganar takardar asali. Yarinya an haife ta a Agege, an haifi ubanta a Agege, amma idan gurbin aikin gwamnatin tarayya ya fito, sai an nemi shaidar ƙaramar hukumar asali. Sai a kama hanyar Katsina ko Jigawa neman mai garin da zai shaida kakan da ya bar ƙauye tun zamanin Turawa. A nan a ce mata 'yar Arewa, a can a ce mata 'yar Kurmi. Shawararmu ga iyaye, a nemi wannan takarda tun yarinya tana sakandare, lokacin da tsofaffin da suka san dangi suke raye, a haɗa da takardar haihuwa da NIN da katin zama na LASRRA, a tabbata suna da ranar haihuwa iri ɗaya ne a kowace. Mun ga wadda ta rasa gurbi don an rubuta Hauwa'u a wata takarda, Hauwa a wata, Kulu a ta uku.

Akwai maganar hijabi, wadda ta daɗe tana sa iyaye ja da baya. A nan kam an samu sauƙi, kuma ya kamata a sani. Shari'ar da aka shigar kan sa hijabi a makarantun gwamnatin Legas ta faɗi a babbar kotu a 2014, kotun ɗaukaka ƙara ta juya hukuncin a 2016, kotun ƙoli ta tabbatar da 'yancin sawa a watan Yunin 2022. Firdaus Amasa, wadda aka hana rantsar da ita a matsayin lauya a ƙarshen 2017 don ta ƙi cire hijabi, an rantsar da ita da hijabinta a 2018. 'Yan'uwanmu Musulmin Yarbawa ne suka ja gaba a wannan fafutuka, mu muna gefe muna kallo, alhali 'ya'yanmu ne za su ci moriya. Kamfanoni masu zaman kansu har yanzu wasu suna da nasu hali, ba mu musu, amma ba kowace ƙofa ce a rufe ba kamar da.

Babbar maganar kuwa tana cikin gidajenmu, kuma a nan ne mu masu ɗaura aure muke da laifi. Saurayi zai zo neman aure ya ce ya yarda ta ƙarasa karatu, ya yarda ta yi aiki. A yi dariya, a raba goro, a shafa fatiha. Bayan wata shida sai magana ta canza. Da yawa daga cikin ƙarar da ake kawo mana sulhu yanzu wannan ce. Shi ya sa muka ɗauki al'ada, kafin mu ɗaura aure mu tambayi waliyyai a gaban shaidu ko an yi maganar karatu da aiki, me aka tsayar, a rubuta a sa hannu. Wasu dattawa sun ce mun kawo bidi'a. Mu dai abin da muka karanta a gaban malamanmu shi ne, dukiyar mace tata ce, saye da sayarwarta ya inganta ba da sa hannun miji ba, abin da mazhabarmu ta Malikiyya ta ba shi damar tsayarwa shi ne kyautar da ta haura sulusin dukiyarta. Nana Khadija da dukiyarta Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi fatauci zuwa Sham. Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud da sana'ar hannunta take ciyar da mijinta da marayun da ke hannunta, aka yi mata bushara da lada biyu. Innar Jabir tana cikin idda wani ya hana ta fita girbin dabinonta, Annabi ya ba ta izini. Fita da izinin miji da kiyaye mutunci wajibi ne, wannan ba mu sassauta ba. Amma mutumin da ke ƙorafi cewa namiji ne ya duba matarsa a asibitin Orile-Agege ko na Ikeja, sannan ya hana 'yarsa zuwa makarantar nas a Igando ko ta kiwon lafiya a Yaba, to ya gaya mana daga ina likita mace mai jin Hausa za ta faɗo.

Abin takaici, wasu damammakin a bakin ƙofarmu suke. Cibiyar koyar da mata sana'a ta gwamnatin jiha tana kan titin Oba Ogunji, tsakanin Pen Cinema da Ogba, muna wuce ta kullum a keke. Makarantar koyon aikin jarida, NIJ, a nan cikin Ogba take, kuma mace Bahaushiya ta riga ta nuna ana iyawa: marigayiya Hajiya Bilkisu Yusuf ta riƙe editan Sunday Triumph a Kano da New Nigerian a Kaduna, kafin ta rasu a turmutsitsin Mina a 2015. Asusun LSETF da jiha ta kafa a 2016 yana ba mazauna Legas rancen jari da horo, sai dai mai son shiga ya tambayi malamai kan sharuɗɗan rancen tukuna. Jirgin ƙasa na cikin gari da aka buɗe a 2024 yana tsayawa a Agege ya bi Ikeja da Oshodi da Yaba har Oyingbo, ke nan uzurin cewa yarinya za ta kai dare a cunkoson danfo ya ragu. Dogon da ya kawo kakanninmu da huhun goro shi ne dai a wurin.

Mu koma ga ambulan. Mun rasa wanda za mu kira a cikin abokanmu, sai uwargidanmu ta ce a ba ta. Ta kai wa malamarsu ta Islamiyya, malamar ta sa a zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibanta, wata daga ciki da ke koyarwa a wata makarantar kuɗi a nan Ogba ta ce ana neman mai riƙe littafin kuɗin makaranta. Ita ce ta zaunar da yarinyar ta gyara mata takardar neman aiki, ta gaya mata irin tambayoyin da za a yi mata, ta raka ta har bakin ofis. An ɗauke ta gwajin wata uku. Albashin kaɗan ne, bayan kuɗin mota abin da ke saura bai fi cefanen sati biyu ba, kuma kawunta ya riga ya aiko daga gida cewa akwai mai so, a sa rana bayan babbar sallah. Uwar ta ce a bari a ga ƙarshen gwajin tukuna. Mun ce idan sun zo neman auren a aiko mana, za mu zo da biro da takarda.